Shamuwa a Teburin Babana

Ku masu turo min saƙo kuna cewa in daina ja wa Kaloyan rai in aure shi kawai, ku ɗan dakata. Na san kun gan shi a fim kun yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma har safiyar Lahadin da ta wuce, da wani zai taɓa min shi da sai mun kwashi 'yan kallo. Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu ran nan, don tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Wannan ma a tsaye nake rubuta shi.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Ralitsa, a gida Rali. A shagon tabarau nake aiki, nan cikin garinmu Ruse da ke bakin kogi. Na kusa shekara talatin, abin da Mama ke faɗa da muryar da ake sanar da rasuwa. Ina zaune da iyayena a wani tsohon bene, hawa na huɗu, lif ɗinmu kuwa hutunsa ya fi aikinsa yawa. Kaloyan, da nake kira Kalo, saurayina ne, ɗan wasan kwaikwayo. Shi ne mutumin nan da ya rikiɗe ya koma shamuwa.

In ba ku kalla ba, ga yadda abin yake. Wani ma'aikacin gidan waya ne ya tashi da safe ya ji hancinsa ya yi tauri. Sannu a hankali hancin da leɓensa suka haɗe, suna tsawo suna ja. Gwiwoyinsa suka juya baya. Gashin tsuntsu ya fara tsiro masa a hammata, matarsa na tuge shi da hantsaki tana ce masa ba komai ba ne, sanyi ne ya ɗan kama shi. Abin da ke kashe mutane da dariya shi ne duk gidan babu wanda ya yarda ya ce wani abu ya faru. Wuya ya yi tsawon hannu, amma kullum sai an ɗaura masa laktaye an tura shi ofis. Sai kuma haƙoransa suka fara zubowa cikin kofin shayi, ƙwal, ƙwal, yana tsamo su da cokali yana jerawa a faranti.

Ni a wurin haƙoran nan na tsaya. Ranar da aka fara nuna shi a silima, da gudu na fita na amayar da duk abin da na ci, na ƙarasa lokacin a zaune a waje ina shan ruwa. Da Kalo ya fito sai ya yi dariya, ya sumbaci goshina, ya ce kada in takura wa kaina. Bai sake ce min in ƙarasa ba. Ɗan wasa ne fa, mutumin da ko tallan man wanki ya yi sai ya sa na kalla na yaba. Amma fim ɗinsa na farko da ƙasa ta ɗauka, bai taɓa cewa in kalli rabin da ya rage ba. Na ɗauka tausayina yake ji.

Lahadi ita ce ranar da zai fara zuwa gidanmu cin abincin rana, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Tun da gari ya waye nake safa da marwa tsakanin ɗakina da madubin zaure. Na sa doguwar riga shuɗiya, Mama ta ce kamar mai zuwa jana'iza. Na sa mai furanni, ta ce ta bayyana min ƙashin wuya, sai a ce ba a ba ni abinci. Na koma na sa siket mai ruwan toka da farar riga, na ɗaure gashi, na kwance, na sake ɗaurewa. Wayata na kan gado tana ta ƙyalli.

"Na fito. Wane fure mamanki ke so?"

"Kowanne ka kawo za ta ce yana sa ta atishawa. Ka kawo farare."

"In sa laktaye?"

"Kada ka kuskura. Duk wanda ya gan ka da laktaye wuyan nan zai tuna."

Ya turo hoton dariya. Can kuma sai ga wani: "Rali, babanki yana cin abinci tare da ku a tebur?"

Na ce e mana, a ina zai ci? Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. Bai turo komai ba. Na jefa wayar kan filo na tafi kicin.

Mama ba ta son Kalo, amma gara ta mutu da a ce baƙo ya zo gidanta ya tashi da sauran wuri a cikinsa. Tun asuba take tsaye. Ta gasa banitsa, burodin nan namu mai falle-falle da cuku a ciki, har ƙamshin ya sauka hawa na biyu, ta cusa wa tattasai shinkafa da nama ta jera a tanda, romon kaza mai taliya na tafasa a gefe. Ta fito da ƙyallen teburin da kakata ta saƙa, wanda ba ya fitowa sai ranar bikin Ista. Tana yankan ganyen faski tana magana da wuƙa, ba da ni ba.

"Dokta Plamen likitan haƙori ya tambaye ki jiya. Ya sake fenti a asibitinsa. Mutum da sana'arsa, da gidansa, da uwarsa mai mutunci."

"Mama, Plamen ko murmushi na yi masa haƙorana yake ƙirgawa."

"Gara mai ƙirga haƙori da mai zubar da nasa a gaban duniya."

Na ɗauki faranti na fita kafin in ce abin da zan yi nadama.

Baba na falo a kujerarsa ta bakin taga, an yi masa aski, an sa masa farar riga an ɓalle har wuya. Direban jirgin ƙasa ne babana har ya yi ritaya, ƙato, mai muryar da in ya kira ni daga baranda sai yaran unguwa duka su juyo. Bara waccan ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya tashi, yana takawa da sanda, yana magana a hankali kamar mai ɗauko kowace kalma daga ƙasan rijiya. Amma a gidanmu ba a ambaton ciwon. Mama ce ta kafa dokar ba tare da ta furta ba. In maƙwabta sun tambaya, sai ta ce gajiya ce kawai. In cokali ya kuɓuce masa romo ya zube, sai ya ce, "Romon ya yi zafi." Mu kuma sai mu ce ƙwarai ya yi zafi, mu hau hura namu, ko da ya huce tun tuni.

Na durƙusa na gyara masa kwalar riga. Ya dube ni da idonsa na ɓarin da ke da lafiya, kamar zai ce wani abu, sai ƙararrawa ta kaɗa.

Inna Donka ce, yayar Mama, wadda ba wanda ya gayyata. Ta shigo tana haki saboda matakala, turarenta ya riga ta shigowa, jan baki har kan haƙori.

"Na zo in ga tsuntsun da idona," ta ce tana cire takalmi. "Rali, kin tanadar masa kwaɗi ko tattasai zai ci kamar mutane?"

"Inna, don Allah."

"To me na ce? Tambaya na yi."

Bai jima ba ya iso. Dogo, siriri, har yanzu bai mayar da naman da ya zubar don fim ɗin ba, kwat ɗinsa na lilo a kafaɗa. Fararen furanni a hannu ɗaya, kwalbar giya a ɗayan. Ya miƙa wa Mama furannin, ta karɓa da yatsu biyu ta ce sun yi kyau, sai dai suna sa ta atishawa. Na ba shi silifas ɗin baƙi. Da ya je gaida Baba, bai miƙa hannun dama ba, kai tsaye hagu ya miƙa, ya ɗan rusuna.

"Kawu Strahil, ina wuni."

Baba ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba. Na ji daɗi a raina, na ce ka ga mai hankali, ya tuna abin da na gaya masa.

Muka zauna. Ni dai zama ne na suna, don duk minti sai na miƙe, in ɗauko gishiri, in ɗauko burodi, in dawo in ga na manta abin da na je ɗauka. Mama ta zuba romo.  Ita ta fara.

"Kaloyan, mahaifiyarka ta kalli abin?"

"Ta kalla, Madam Nevena."

"Ta ce me?"

"Ta ce na rame."

Inna Donka ta tuntsire, ta toshe baki da adiko. "Ni fa don in san irin masifar da za ta shigo mana dangi na je na kalla. Da na koma karo na biyu kuwa, ƙawayena na raka. Gaya min tsakani da Allah, kwaɗon da ka haɗiye a bakin kogi, na gaske ne?"

"Alewa ce, Inna. Da ruwan tuffa aka yi shi."

"Ƙarya kake. Ƙafarsa na motsi a bakinka."

"Zare aka ɗaura, wani na ja daga gefe."

"To wurin da ka hau kan bututun hayaƙin gidan surukarka kana jan tsintsiyarta kana yin sheƙa fa? Matar da ke kusa da ni sai da ta jiƙa kujera. Da kuma wurin da fatar ƙafarka ta saluɓe kamar safa, matarka ta ɗauka ta wanke ta shanya. Kai, Allah ya shirye ku. Kwana na yi ban ci nama ba."

"Donka, muna cin abinci," in ji Mama. Ta ajiye ludayi, ta haɗa hannuwa a kan tebur, na san an zo wurin. "Ni ban kalla ba, kuma ba zan kalla ba. 'Yan guntayen da ta nuna min a waya sun ishe ni. Abu ɗaya nake so ka fahimtar da ni, tunda ku ne masu ilimin abin. Mutum na cikin azaba, jikinsa na lalacewa a gaban iyalinsa. Ina abin dariya a nan?"

Kalo ya goge baki. "Ba shi ake yi wa dariya ba, Madam. Mutanen gidan ne. Suna ganin abu ƙiri-ƙiri, amma kowa ya ƙi faɗa. Shi ya sa mai kallo ke dariya, don in bai yi dariya ba kuka zai yi."

"Mutanen gidan." Muryar Mama ta sauya. "Matar da na gani tana tuge masa gashi, tana yi masa wanka, tana ɗaura masa laktaye don kada ya fita a wulaƙance, ita ce abin dariyar? Me kake so ta yi? Ta tsaya a baranda ta yi shela?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Kai yaro ne. Ba ka taɓa riƙe gida ba. Gobe in kun haihu, 'ya'yanku su je makaranta a dinga ce musu 'ya'yan shamuwa, ana ɗaga musu ƙafa ɗaya. Ka yi wannan tunanin?"

"Mama," na ce.

"Ban gama ba."

A daidai nan cokalin Baba ya karkace. Romo ya bi farar rigar, taliya guda ta maƙale a maɓalli. Ya goge haɓa da bayan hannu.

"Romon ya yi zafi," ya ce.

"Ƙwarai kuwa," in ji Mama ba tare da ta duba ba. Ni ma na ce ya yi zafi, na hura cokalina. Da na ɗago, sai na ga Kalo ya ajiye nasa. Fuskarsa ta koma kamar takarda, ya ƙura wa ƙyallen tebur ido. Na taɓa ƙafarsa ta ƙarƙashi, bai motsa ba.

Inna Donka ba ta lura da komai ba, tana can tana lalube a jaka. "Ai kun tuna min. Wurin romon nan ne ya fi kashe ni. Nevena, wannan ban nuna miki ba. Tsaya ki gani, ranar bikin 'yarsa ne."

"Inna, a bari sai an gama," in ji Kalo da sauri. "Don Allah."

"Kunya kake ji yanzu? Da kana yi ba ka ji ba."

Ta jingina wayar da kwalbar giya ta ƙure ƙara.

Wannan ne karo na farko da na ga wurin. Dogon tebur na biki, baƙi sun yi kwalliya. A tsakiya ga Kalo cikin kwat, wuya zaƙaƙam, hannun dama ya riga ya fara zama fiffike. Ya manna gwiwar hannun a haƙarƙari don kada ta yi rawa. Ya karkatar da kai gefe, yana kai baki wurin cokali maimakon ya kawo cokali wurin baki. Ya tsaya ya ja numfashi ta hanci, irin jan da na sani. Cokalin ya karkace, romo ya bi laktaye. Ya goge da bayan hannu. Sannan da harshe mai nauyi, yana ɗauko kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya ce:

"Romon ya yi zafi."

Duk baƙin bikin suka amsa baki ɗaya, "Ƙwarai kuwa," suka sunkuya suna hura cokulansu.

Inna Donka ta fara dariya. Dariyar ta kai rabi ta tsaya. Ta dubi wayar, ta dubi rigar Baba mai taliya a maɓalli, ta kai hannu baki. Sau biyu ta kalli abin nan a silima ba ta gane ba sai yau.

 Maganar romon nan ba wanda ya san ta a duniya sai mu uku da Inna. Da kuma mutum ɗaya, wanda na taɓa tura wa saƙon murya ina kuka a banɗaki, ina gaya masa na gaji da hura romo mai sanyi. Shi ne kuma na tura wa bidiyon Baba yana koyon riƙe cokali, don in nuna masa an samu sauƙi. Ya amsa min da hoton zuciya, ya ce in ƙara turowa, yana jin daɗin ganin ci gaban.

"Kashe, Donka," in ji Baba. "Na kalla."

Duk muka juya.

"Ran da kuka je kasuwa. A talabijin. Na biya na kalla." Ya huta. "Washegari na sake."

"Strahil," Mama ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Bai dube ta ba, Kalo yake kallo. "Tun daga gwiwar hannun na gane kaina. Ka iya aikinka, yaro."

"Kawu, ni..."

"Ban gama ba. Abu ɗaya ka ɓata." Ya ɗaga yatsan hagu. "In ya zube, kai rigarka kake kallo. Ni ba riga nake kallo ba. Nevena nake kallo. In ga ko ta gani."

Sai ya juya wurin Mama. 

"Romonki bai taɓa yin zafi ba, Nevena," ya ce mata a hankali. "Hannun ne. Ya mutu. Ke kin sani, ni na sani, yarinyar nan ta sani. Na gaji da hurawa."

Mama ta miƙe, ta ɗauki kwanon romon da bai ƙare ba, ta shige kicin. Muka ji ta buɗe famfo har ƙarshe. Inna Donka ta bi ta, ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Sai Baba ya yi wani abu da rabon da in ji tun kafin ya faɗi. Dariya. Ta gefen baki ɗaya take fita, tana haɗe da tari, amma dariya ce. "Wurin safar nan," ya ce. "Da ta shanya fatar. Haka za ta yi. Har guga za ta yi mata." Ya share ido. "Amma ƙarshen ƙarya ne. Da ya buɗe fiffike ya tashi ya bar su. Ba a tashi, yaro. Zama ake yi a kujera."

"Darakta ne ya so haka, Kawu. Ni ma na ce masa..." Muryar Kalo ta karye. "Ka yafe min. Ya kamata in zo in nemi izininka tun kafin a fara."

"Da ka zo da na kore ka." Baba ya ɗaga kafaɗarsa mai motsi. "Ni ba ka cuce ni ba. Ba ni na tura maka sirrin gidan nan ba."

A nan ne su biyun suka tuna ina wurin.

Na miƙe. Ban yi ihu ba, ni kaina na yi mamaki. Na ce, "Kalo, zo waje."

Muka fita kan matakala na ja ƙofa. Wurin na warin dafaffen kabeji daga gidan maƙwabta, fitilar da ke kunna kanta ta kama, ta mutu. Ya sauka taki kaɗan ya tsaya a ƙasana, yana kallona daga can.

"Rali, na yi ta ƙoƙarin gaya miki. Ko da safen nan na rubuta na goge."

"Shi ya sa ba ka so in ƙarasa kallo."

"E."

"Duk ƙasar nan ta yi wa babana dariya, ni ina raba wa kwastomomi katin fim ɗin ina cewa saurayina ne."

"Ba wanda ya san shi ne. Kuma kin ji abin da ya ce. Ban yi don in wulaƙanta shi ba. Shi ne abu mafi gaskiya da na taɓa yi a rayuwata."

"Da kukana ka yi shi."



Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, yadda muka haɗu. Duk lokacin da kuka tambaya sai in ce labari ne mai tsawo. Ba shi da tsawo. A ɗakin jira na sashen gashin ƙashi ne, lokacin da nake kai Baba motsa jiki. Kullum sai in tarar da wani dogon saurayi a kujerar kusurwa, ba ya danna waya kamar kowa, yana zaune shiru yana kallon mutane. Wata rana sandar Baba ta faɗi ya ɗauko masa. Ya ce kawunsa yake jira, yana ciki ana gasa masa baya. Daga nan muka fara gaisawa, har ya sayo min kofi, har ya karɓi lambata. Na sha gaya wa ƙawayena cewa a wurin da na fi tsana a duniya Allah ya ajiye min rabona.

A kan matakalar nan ne na tsaya na lissafa, na ga ban taɓa ganin wani ya fito daga ɗakin gashin ya nufe shi ba.

"Kawun naka," na ce. "Mai ciwon baya. Yaya sunansa?"

Fitilar ta sake mutuwa. Bai ɗaga hannu ya kunna ta ba.

"Babu kawu," ya ce daga cikin duhun. "Darakta ne ya ce in je in zauna in ga yadda jiki ke ƙin mai shi. Na kalli mutane da yawa. Da babanki ya shigo, na san shi ne."

"Da ka karɓi lambata fa? Don ni ne ko don shi?"

Na so ya yi min ƙarya. Ina gaya muku tsakani da Allah, da ya ce don ni ne, da na karɓa na haɗiye, da yanzu wani labarin nake ba ku. Ɗan wasa ne, ba abin da zai gagare shi.

"Ran nan don shi ne," ya ce. "Daga baya ban san ranar da abin ya juya ba. Amma ya juya, Rali. Tun kafin a fara ɗauka ya juya. Na rasa yadda zan ajiye ɗaya in riƙe ɗaya."

Ya sa hannu cikin aljihun kwat, na ga kusurwar wani ɗan akwatin zobe.

"Mayar da shi," na ce.

Ya mayar.

Ƙofa ta buɗe a bayana, haske ya zubo. Mama ce, idanunta jajur, ta wanke fuska har gaban gashinta ya jiƙe. Na zaci korarsa ta fito yi, har na matsa mata hanya. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta dube ni.

"Babanki ya ce a dawo da yaron," ta ce. "Wai akwai wuraren da bai gane yadda aka yi ba, yana son ya tambaye shi." Ta ja hanci. "Tattasan ma na hucewa. Kaloyan, shigo ka ci abinci. Ka rame da yawa."

Ta koma ciki ta bar ƙofar a buɗe. Daga falo ina jin muryar Baba yana ce wa Inna Donka ta mayar da wayar baya, wurin bututun hayaƙi yake son gani.

Kalo bai motsa ba, ni yake jira.

"Hau," na ce masa. "Babana na kiranka. Rabonsa da ya nemi wani ya zauna kusa da shi tun kafin ya faɗi. Ka zauna, ka amsa masa duk abin da ya tambaya, ka cinye abin da aka zuba maka."

"Ke fa?"

Na raɓa ta gefensa na fara sauka. Ya kira sunana sau ɗaya, ban juya ba. Ina hawa na biyu na ji takunsa yana hawa, a hankali, sannan ƙofarmu ta rufe.

Sai da na kai bakin titi, iskar kogi ta buge ni, na lura ko rigar sanyi ban ɗauka ba, kuma silifas ɗin cikin gida ne a ƙafata. Na ɗaga kai na kalli tagarmu. Ba kowa a jikinta, duk suna tebur. Na juya na miƙe hanyar da ta fi tsawo.